Fuskar Inna Tao a Jikin Leda

Pan Fengjiao ta dangwarar da ledar a kan teburin Inna Tao, ko gaisuwa babu. Kun dai san Fengjiao, bakinta ya riga ƙafarta shiga gida.

"Surukata ce ta saya ta waya. Duba wa ke mana murmushi."

Inna Tao ta duba. Ita ce, da fartanya a kafaɗa da wawulonta a waje. A ƙasa an rubuta: gasarar gegen ta daji, tsantsa, daga hannun Kaka.

Duk sanyi sai ta hau dutse ta tono saiwar gegen, wani tsiro mai yaɗo, ta daka, ta tace sau bakwai, har fatar hannunta ta tsage. Tulu uku take samu, shekara uku ke nan duka tana aika wa 'yarta Xiuzhen a birnin Nanchang, wai wuyan mijinta ya sage, kunun gegen kaɗai ke sassauta shi.

Ta ɗebi garin ta ɗora a harshe. Babu ɗan ɗacin nan, babu sanyi.

"Rogo ne," ta ce.

"Ai na faɗa wa mutum shida kafin in iso nan."

Inna Tao ta kira Xiuzhen a waya.

"Ke, yaya wuyan mijinki?"

"Da sauƙi, Mama."

"Dole ya yi sauƙi. Rogo ma magani ne, ko?"

Daga can ana jin ƙarar salatif, ana ta liƙe kwalaye.

"Mama, kowa fa haka yake yi. Tulu uku zai ishi mutum dubu? Muna zuba naki cokali guda a kowace leda, ai ba ƙarya muka yi ba."

"Hoton fa? Da kika karɓe shi kika ce jikana ne ke kewata."

"Yana kewarki mana! Don Allah kar ki tayar da magana, da wannan muke ci."

Inna Tao ta kashe wayar. Masu hawan jini na garin nan wurinta suka riƙa zuwa neman gasarar gegen tun kafin a haifi Xiuzhen, ba a taɓa mayar mata da gari ba. Ta daɗe tana kallon tsohuwar da ke jikin ledar.

"Fengjiao, wayarki tana ɗaukar bidiyo?"

"'Yarki ce fa, Yaya."

"Na sani. Ni na haife ta."

Ta gyara wuyan riga, ta ɗaga ledar kusa da kuncinta. 

"Ki ɗauke ni ta gefen da nake da haƙora."