Darasin da Magariba Ta Cinye

An ce rediyo ta kashe nisa. Masu faɗin haka ba su taɓa zama a gabanta suna roƙon malamin da ke ciki ya maimaita ba. Malamin aji, ko ya kai zaki faɗa, in ka ɗaga hannu zai waiwayo. Na cikin akwati kuwa jirgin ƙasa ne, in ya wuce ya wuce.

A shekarar 1984 Hansatu tana naɗe alewa a wani kamfani da ke Sharaɗa, daga ƙarfe biyu na rana zuwa goma. Ta taɓa shiga makarantar horon malamai, ciwon mahaifinta ya fitar da ita a aji uku, ba ta koma ba. Yanzu ga shi ana ta rage ma'aikata, duk ƙarshen wata sai an liƙa takardar sallama a bakin ƙofa, mutane su taru suna neman sunansu suna addu'ar kada su gani. Hedimastan wata firamare a Kumbotso ya ce mata in ta kawo takardar shaidar malanta zai ba ta aji, in babu kada ma ta wahalar da ƙafarta. Shi ya sa ta shiga karatun daga nesa. Littattafai su zo ta gidan waya daga Kaduna, darasi kuma a rediyo, Litinin da Laraba, ƙarfe shida zuwa shida da rabi na yamma. Jarrabawa sau ɗaya ce a shekara.

To ƙarfe shida tana gaban injin, alewa na zubowa kamar ƙanƙara. Sai ta sayi tsohuwar rakoda, ta koya wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinta da suke zaune tare a Na'ibawa, yadda ake yi: a ajiye rediyo a kan tabarma, a kara bakin rakoda, a danna jan maɓalli da baƙin tare. Da safe ita kuma ta saurari kaset tana rubutu. Rakodar ba ta zaɓe, duk abin da ke tsakar gida kwashewa take, kukan zabi, ƙarar tsintsiya, da Gwaggo tana amsa wa malamin. In ya yi sallama ta amsa masa har da barka da yamma. In ya ce, "Kun gane?" ta ce, "Ni dai a'a, amma ci gaba."

Da damina ta fara ja baya, rana ta soma saurin faɗuwa. Wata safiya Hansatu tana saurare, malamin ya gama darasi yana ban kwana, sai ta ji ladanin unguwa ya ɗaga murya daga nesa, ta ji Gwaggo ta matso ta ce, "To Malam, dakata haka nan, an kira wanda ya fi ka." Ƙat. Kaset ya yi shiru.

Dariya ta yi. Wane gidan kirki ne ake barin rediyo na surutu ladan na kira? Ban kwana kawai aka yanke, ba a cin jarrabawa da ban kwana. A mako na biyu ƙat ɗin ya zo kafin ban kwanan. A na uku ya tsinke malamin a tsakiyar magana. Kowace safiya takan yi niyyar yi wa Gwaggo zancen, ta buɗe baki ta rufe. Da wane harshe za ta ce wa matar da ta goya ta, matar da ta koya mata alwala, a bar akwati ya yi ta magana a kan kiran salla? Ta ce wa kanta abin da ya ɓace kaɗan ne, za ta cike daga littafi.

Ranar wata Alhamis tana jiran bas ta tafi aiki, sai ga Gwadabe, mai rubuta lokacin shiga da fita a wata majema a Challawa, wanda shi da ita kaɗai ke wannan karatu a duk layin. Tun kafin ya iso warin fata ya riga shi sallama.

"Malama Hansatu ta gobe! Lamba nawa aka ba ki?"

"Lambar me?"

"Ta jarrabawa mana. Katin shiga." Ya ciro wani ɗan kati daga aljihu, hotonsa a liƙe, ya kaɗa shi a iska. "Dubi yadda mai hoton ya mai da ni kamar wanda ake nema ruwa a jallo."

Ba ta yi dariya ba. Ya dube ta, ya mai da katin aljihu a hankali.

"Kada ki ce min ba ki kai ba. Mako uku ana faɗa a ƙarshen kowane darasi. Hoto biyu, a kai ofishinsu na Bompai, a cika fom. Yau ne ranar ƙarshe, ƙarfe uku da rabi suke tashi."

Ta dubi agogon hannunsa. Ɗaya da rabi ta gota. Ba hoto a hannunta, Bompai kuma can wancan ƙarshen gari take. In ta tafi ba za ta samu ba, in kuma ba ta buga kati a kamfani ƙarfe biyu ba, helma, mai kula da ma'aikata, ya riga ya faɗa, mai fashi shi ne farkon shiga takardar sallama.

"Na ji akawun na cewa sai gobe bayan Juma'a mota za ta kai takardun Kaduna," in ji Gwadabe. "Amma fa mutumin ba shi da sauƙi. Ni sai da ya mai da ni sau biyu a kan kunnena ɗaya bai fito a hoto ba."

Ran nan Hansatu ta naɗe alewa ba ta san abin da hannunta ke yi ba. Sau biyu helma ya tsaya a kanta yana nuna mata waɗanda ta bari a buɗe. Ita lissafi take: in ta rasa wannan, sai baɗi. Kamfanin zai kai baɗi da ita? Hedimastan zai riƙe aji shekara guda saboda wata mai naɗe alewa? Da aka yi kiran magariba daga masallacin ma'aikata, sai ta yi istigifari saboda abin da ya zo mata a rai.

Washegari da sassafe ta sa rakoda da kaset na Laraba a jaka. Gwaggo ta bi jakar da ido.

"Ina za ki da akwatina?"

"Gyara, Gwaggo."

"Lafiyarsa lau. Ko na danna ba daidai ba ne?"

"Daidai kika danna," in ji Hansatu, ta fita kafin fuskarta ta tona ta.

Mai hoton nan-take na bakin gidan waya ya shige cikin baƙin ƙyallensa ya fito, ya wanke, ya shanya, ita tana tsaye tana ƙirga masu keke. Hotunan na da danshi ta karɓa. Bas ya tsaya cika fasinja, ya sake tsayawa shan ruwa. Sha ɗaya ta wuce kafin ta samu ofishin, wani ɗaki a bayan rumbunan ajiya na Bompai. Akawun, dattijo mai suna Malam Uba, ya riga ya sa babbar rigar masallaci, ga ƙatuwar ambulan a gabansa yana shafa mata gam.

"An rufe jiya," ya ce, bai ko ɗaga kai ba.

"Malam, ku yi haƙuri, ban ji sanarwar ba."

"Sau shida aka faɗa. Na ƙauye sun ji, na Nijar ma da ke gadi a nan bayanmu ya ji ya tambaye ni. Ke kaɗai rediyon ta tsallake? Ɗalibin da bai saurari darasi ba me zai zo yi a jarrabawa?"

"Ina saurara, ranka ya daɗe. Ba wanda ya wuce ni."

"Kowa haka yake cewa."

Ta ɗora rakodar a kan teburinsa ba tare da izini ba. Ta juya kaset zuwa ƙarshe ta danna. Batir ya yi sanyi, muryar malamin ta fito a ja, kamar mai mura: "Ɗalibai, ku ajiye alƙalami ku saurara da kyau, domin wannan sanarwa..." Zabuwa ta yi kuka. Can ƙasa-ƙasa ladan ya fara. Sai muryar Gwaggo, kusa, a natse: "Malam, kullum sai ka kai mu magariba. Dakata, an kira wanda ya fi ka." Ƙat.

Kaset ya ci gaba da juyawa babu komai. Malam Uba ya tsaya da kwalbar gam a hannu.

"Wace ce wannan?"

"Gwaggona ce. Ita ke ɗaukar min, ni ina wurin aiki."

"Ba ki gaya mata ba?"

"In ce mata me, Malam?"

Malam Uba ya ajiye kwalbar gam. Ya dubi ambulan, ya dubi agogon bango, ya dubi carbin da ke kusa da hatiminsa. Gam ɗin bai bushe ba. Ya zura ɗan yatsa ya ɗaga bakin ambulan.

"Ni dai ba za a ce da bakina na ce tsohuwa ta yi laifi ba," ya ce yana miƙa mata fom. "Cika da sauri, kada ni ma ki cinye min tawa sallar. Kuma ki sani, ba sanarwa kaɗai kika rasa ba. A ƙarshen darasi yake nuna inda tambayoyi za su fito. Saura darasi huɗu, rana kuwa ba jiranki za ta yi ba."

Ta fito da kati, amma maganarsa ta fi katin nauyi. Nan da mako biyu magariba za ta haɗiye rabin darasi. Ran Asabar da safe ta durƙusa gaban Gwaggo ta faɗa mata komai, kanta a ƙasa. Gwaggo ta ci gaba da tsince shinkafa. Ba ta ce za ta bari ba, ba ta ce ba za ta bari ba. Hansatu ta kwana uku da wannan shirun.

Safiyar Talata ta sa kaset na Litinin, alƙalami a hannu amma ta kasa rubutu, jira take. Minti goma sha takwas, ladan ya fara. Ta ji takun Gwaggo ya matso. Ta runtse ido.

"Taso, Malam," in ji Gwaggo. "Tunda ba ka da ta ido."

Aka ji kwaramniya, aka ji ƙarar murfin babbar kwallar da Gwaggo ke ajiye zannuwan sallah, aka ji an ja ƙofar ɗaki. Kiran ladan ya ɓace. Muryar malamin ta fito da amo, kamar daga cikin rijiya, amma kowace kalma ta fito: "Ku buɗe shafi na arba'in da bakwai. Wanda bai riƙe wannan ba, kada ya zargi kowa."

Gwaggo na bakin murhu, bayanta a juye. "Ya yi ta surutunsa a cikin zannuwa," ta ce. "Ni dai ban ji shi ba."

Hansatu ta buɗe shafi na arba'in da bakwai. Ba ta taɓa karanta shi ba, kuma saura kwana goma sha ɗaya.