Jiƙon Zogalen Inna Aminatu

Inna Aminatu ta Danchadi ba ta da abin alfahari kamar autarta Samira, mai karatun haɗa magunguna a Sakkwato. Da Samira ta zo hutun sallah, suna tsinkar zogale a tsakar gida, ta ba ta labarin aikinsu. Akwai ciwon da gidan ƙwan mace kan murɗe, jini ya daina kai masa. Su kuma suna gwada ruwan zogale a jikin ɓeraye, ko zai rage ɓarna bayan likita ya warware murɗin. Inna ta riƙe sunan zogale, sauran bayanin ya bi iska.

Damina ta yi nisa aka aiko daga Horo Birni cewa babbar 'yarta, Nana Hauwa, tana murƙususun ciwon mara. Da Inna ta je, ta tarar da ita dunƙule a kan tabarma, tana amai, hannu dafe da kwiɓin dama. Mijinta Ladan har ya nemo mota.

"Dakata, Malam," in ji Inna. "Wanga ciwo Samira ta san shi, ta hwaɗa min maganinai. Hanya duk taɓo, kar a jijjiga yarinyag ga."

Ladan ba ya musu da suruka. Ya sallami direba.

Inna ta dafa ganyen zogale, ta tace, ta yi ta ɗura mata. Washegari ciwon ya lafa, Inna ta yi hamdala. Sai zazzaɓi ya rufe Nana Hauwa, ciki ya ƙandare, ko taɓawa ba ta bari a yi. Sannan Inna ta kira Samira a waya.

"Inna, mi kunka yi?" in ji Samira. "Ɓeraye nic ce muku, kuma sai bayan an yi aiki! Ku kai ta asibiti yanzu!"

Likitan da ya yi tiyatar bai ɓoye musu komai ba. Gidan ƙwan ya yi baƙi ƙirin, ya mutu, sun cire. Ɗayan ma akwai ƙari a jikinsa, haihuwa sai abin da Allah ya yi. Nana Hauwa kuwa ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Samira ta iso asibitin, ta durƙusa ta gaishe da Inna, suka kasa haɗa ido.

Da Nana Hauwa ta farfaɗo, ta lalubo hannun uwarta.

"Inna, mi likita yac ce?"

Ladan ya tashi ya fita. Inna ta gyara mata zane, ta ce ta sha ruwa tukuna.