Ajiyar Malam Ɗanliti

Shekarar da soja suka koma bariki, sabbin kansiloli da ciyamomi suka shiga canza kayan ɗaki kamar ana binsu da bulala. Mu kuwa a Ƙungiyar Rufin Asiri ta Ƙofar Marusa, wadda ni Shehu Kafinta nake shugabanta, kakarmu ta yanke saƙa. Mu kwaso tsofaffin gadaje da kujerun da suka fitar, in gyara, mu kai wa marasa hali.

Sai dai mutumin birni ya gwammace ƙashinsa ya ruɓe a kan tabarma da a ce an kai masa sadaka unguwa na kallo. Shi ya sa muke da doka: ba ma cewa kyauta, sai mu ce ajiya muka kawo. Kowa ya san wasan. Ka karɓi ajiya, ka haye abinka.

Kowa, ban da Malam Ɗanliti.

Tsohon baduku ne, ciwon baya ya lanƙwasa shi, ga damina ta shigo, ƙasan ɗakinsa sanyi ƙalau. Na kai masa gadon ƙarfe da katifa, na ce ajiyar wani Alhaji ce da zai yi tafiya.

Bayan sati biyu na leƙa. Gado na nan lulluɓe da babbar rigarsa ta Sallah, kowace ƙafa a cikin gwangwanin ruwa saboda tururuwa. Wurin da rufi ba ya yoyo ya bar wa gadon, shi ya koma ƙarƙashin yoyon da tabarmarsa.

"Baba, mi ke nan nika gani?"

"Amana ce, Shehu. Ko kyanwa ba ta hau ba. Jiya limami ya zo dubiya, ya kai gindi zai zauna, na daka mashi tsawa."

Limami guda! Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, don da ƙyar ya iya miƙewa ya gaishe ni. In na ce masa kyauta ce, yau ɗin nan zai sa a fito da gadon titi. In na yi shiru, sanyin nan zai ƙarasa shi.

Na gyara murya, na shararo wata sabuwa.

"Ai Baba ɓarna kaka yi. Alhaji ya ce katifar ga 'yar waje ce. In ba a kwana bisanta kullum, sandarewa takai, ta koma kamar dutsen niƙa."

"Subhanallahi! Kullum?"

"Har da ƙailula."

"To shi ne ba ka hwaɗa ba tun farko? Ka so ka sa in ci amanar bawan Allah!"

Ni aka yi wa faɗa. Na haɗiye. Ya wanke ƙafa, ya yi bismilla, na tallafe shi ya hau yana ɗosanawa kamar mai hawa jakin aro. Da bayansa ya taɓa katifa, sai ya saki wani dogon numfashi da ban taɓa jin irinsa ba. Ya rufe ido.

Na lallaɓa zan fita, ina yaba wa kaina iya ƙarya. Har na kai ƙofa ya kira ni, idonsa a rufe.

"Shehu."

"Na'am, Baba."

"In ka ga Alhajin nan naka da ba shi da suna, ka ce mashi Allah shi rufa mashi asiri yadda ya rufa mani."