Katin da Ba Ya Sheƙi

Noti na uku ne ya gagara. Yayan Auta ya taka sufana da ƙafa yana huci, amma injin goge gilashin ko gezau bai yi ba.

"Auta, da tsoho ya kafa abin nan bai yi niyyar a cire shi ba," in ji shi yana share gumi. "Ki matsa kada ya fāɗo miki. Mai sayen ƙarafa zai zo da la'asar."

Auta ta matsa. Ita da bakinta ta amince a sayar. A kan injin nan mahaifinsu ya koya mata sarrafa gilashi, a ci shi da garin guga mai kaushi, a bi da mai laushi, har ya tattara haske wuri guda. Amma tun da aka fara shigo da gilashin tabarau a kwali, shagon ya zama wurin hirar ƙudaje.

Ba wai ba ta yi ƙoƙari ba. Shekara biyu da suka wuce ta ci ado ta je babban taron kamfanonin hasken lesa da masu bincike na jami'o'i. Kowa na miƙa kati mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, ita kuwa nata farar takarda ce mara sheƙi, mafi araha a wurin mai ɗab'i. Ta raba arba'in cikin kunya, ta dawo da sittin. Ko mutum ɗaya bai kira ba.

Wayarta ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Don Allah, ke ce mai goge gilashi?" Muryar mace ce, a gajiye.

"Ni ce."

"Alhamdu lillahi! Ke ce ta takwas. Na samu mahauci, na samu mai gyaran fanka, wata tsohuwa kuma ta riƙe ni minti goma wai muryata irin ta jikarta ce. Daga jami'a nake kira. Za ki iya zuwa yanzu?"

Auta ta ce wa yayanta ya huta tukuna, ta tsallaka titi ta hau bas.

Matar, wadda kowa ke ce wa Dakta, ta tarbe ta a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ta ba ta tabarau mai duhu ta ce kada ta cire. A tsakiyar ɗakin akwai teburin ƙarfe mai ramuka, cike da ƙananan madubai, wani koren hasken lesa siriri kamar zare yana bi ta tsakaninsu. Wani mai tumbi, shugaban kamfanin da ya ƙera lesar, yana ta zagaye teburin. Na'urar duba ƙwayar ido suke haɗawa tare, shi da lesarsa, su da bincikensu. Gilashin da ke tsakiyarta ya tsage, sabo daga waje sai wata huɗu, asibitin da zai gwada ta kuwa ya ba su mako uku.

A nan Auta ta hangi katinta. An maƙale shi a kan wata ƙaramar sanda a ƙarshen teburin, ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna kamar an yayyafa masa toka. Lambar ƙarshe ta wayarta babu ita, sai ɗan rami baƙi.

"Wannan ai nawa ne," ta ce, ranta ya ɗan sosu.

Dakta ta rufe baki tana dariyar kunya. "Ki yafe mana, 'yar'uwa. Haka muke yi, da kati muke neman inda haske ya sauka. Masu ƙyallin nan mayar da haske suke yi cikin idon mutum, duk mun zubar da su, har da nasa." Ta nuna mai kamfanin da haɓa. "Naki kaɗai ya yi. Shekara biyu muna kallon sa kullum, sai yau na karanta abin da ke jiki."

Auta ta rasa ko fushi za ta yi ko dariya. Sai ta miƙa hannu a ba ta gilashin da ya tsage. Ta ɗaga shi saitin fitila, ta bi gefensa da farce.

"Ba lesa ce ta fasa shi ba. Wa ya ɗaure zoben da ke riƙe da shi?"

Mai kamfanin ya yi gyaran murya ya kalli silin.

"Alhaji, gilashi ba tayar mota ba ne. Idan ya ɗumama yana son wurin numfashi." Ta juya ga Dakta. "Ki ba ni awonsa da ɗanyen gilashi. Kwana goma."

"In ya yi, akwai wasu shida," mai kamfanin ya ce da sauri. "Kuma akwai kamfanoni biyu da ke kuka da irin wannan."

A bas ɗin dawowa ta riƙe ƙonannen katin da ta roƙa aka ba ta. Hawaye suka zubo mata, ba ta damu da masu kallo ba. Ta gode wa Allah, ta yi wa mahaifinta addu'a, ta gode wa matar da ta jure kiran mutum bakwai ba ta gaji ba. Har mai ɗab'in nan ta sa a ciki.

Ta tarar da yayanta zaune a kan benci, notin na uku yana nan daram. Ya saurari labarin baki buɗe, sannan ya tashi ya ɗauki sufana ya fara mayar da biyun da ya cire.

"To, Injiniya, yanzu tunda kin zama babba sai a bugo miki kati na mutunci, mai ƙyalli."

Auta ta jawo aljihun tebur, ta ciro sittin ɗin nan da ke ɗaure da roba, ta kaɗe musu ƙura.

"A'a, Yaya. Dakta ta ce in kai mata goma daga cikin waɗannan gobe."