Wushiryar Auta

"Ciza," in ji likitar.

Auta ta ciza. Ta ji turamen haƙoranta na sama da na ƙasa sun haɗu daidai, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna, abin da rabonta da ji tun tana budurwa. Likitar ta sa ta buɗe, ta sa ta sake cizawa, sannan ta kawar da fitilar daga fuskarta ta miƙa mata madubi.

Ga ƙananan ƙarafa nan jere a kan haƙora, waya ta ratsa su, ga siririyar roba ta ɗaure na gaba. Wushiryar kuwa babu ita babu alamarta. Ko tsinin allura ba zai shiga tsakanin haƙoran nan biyu ba. Auta ta kai harshe wurin da ya saba leƙowa, ya tarar an toshe, ya koma.

Ba gayu ne ya kai ta ga sa ƙarfen haƙori ba, ko da yake ta sha tsiya a kan haka. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ɗinki ne sana'arta, kuma masu kawo mata aiki ba su raga mata ba. Wata ta ce tsofai-tsofai da ke, wata ta tambaye ta ko sabon miji ake nema. Gaskiyar maganar ita ce haƙoranta na ƙasa sun daɗe suna dukan na sama ta baya, suna tura su waje. Wushiryar da ake yaba mata tun tana yarinya ta yi ta faɗi har ta wuce ado, dasashi ya fara jini, haƙoran gaba suka soma girgiɗa. Ga kuma ɗan gurbin da zare ya ci a bakin ɗaya daga ciki, don tun da ta koyi ɗinki da haƙori take yanke zare. Ranar farko likitar ba ta ɓoye mata ba: ko a gyara cizon, ko ta zuba ido na gaban su zube. Ta hana ta tauna abu mai tauri, ta hana ta kai zare baki. Auta ta sayi ɗan ƙaramin almakashi ta rataya a wuya da igiya, ta bi doka sau da ƙafa. Abu ɗaya kawai ta roƙa, a bar mata wushiryar sai ƙarshe. An bar mata fiye da shekara, sai watan jiya aka ɗaura robar.

Likitar tana ta murna da aikinta, tana cewa saura kaɗan a kwance komai. Auta ta ajiye madubin a cinya.

"Likita, in aka cire robar nan, za ta dawo?"

"Wa?"

"Wushiryar."

Likitar ta cire safar hannu ta jefa a kwando. Ta ce dawowa kam za ta dawo, sannu a hankali, amma ba ita kaɗai za ta dawo ba, da girgiɗar da jinin za su taho tare, kuma wannan karon ba ta yi alkawarin haƙoran za su jure ba. Ta tambaye ta me za ta yi da ita. Auta ta ce ba komai, tambaya ce kawai.

Ba tambaya ce kawai ba. Akwai Inna.

Gigin tsufa ya kama mahaifiyarsu, ya yi ta ɗebe mata mutane ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka fara tafiya, jikoki suka bi. Yaya, babban ɗanta, wanda a gidansa take zaune, wanda ke ɗaga ta yana kwantar da ita, yanzu "bawan Allahn nan" take ce masa, kuma takan yi masa godiya irin ta baƙo. Sunan Auta kaɗai ya rage a bakinta, shi ma ba kyauta ba. Duk zuwa sai Inna ta ƙare mata kallo ta ce, yi dariya mu gani. In ta yi, sai tsohuwar ta miƙo ɗan yatsa ta lalubi gurbin nan, fuskarta ta washe, ta ce ashe Auta ce. Ko da aka sa ƙarafan ba ta damu ba, ta dai yi mitar wa ya zuba wa 'yarta waya a baki, amma yatsa ya sami abin da yake nema. Tun ranar da aka ɗaura robar Auta ba ta sake taka gidan ba. Kullum da dalilinta: aiki ya yi yawa, keken ɗinki ya lalace, kai na ciwo.

Tana sauka daga benen asibitin wayarta ta yi ƙara. Yaya ne, kuma ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce zai kai matarsa a duba mata ƙafa, babu mai zama da Inna, kuma ya gaji da jin labarin keke.

"Ko ki zo yanzu, ko in ɗauko miki ita in dire a shago. Zaɓi ɗaya."

Ta ce ga ta nan.

A bas ta samu wuri kusa da taga, gefen wani mai buhun gawayi da ya rantse ba zai bari a ɗora masa kayansa a sama ba. Bakinta na zugi, don duk ranar da aka ɗaure waya haka yake yi. Ta yi ta shirya yadda za ta yi: ta shiga da magana, ta kira sunayen mutanen da, ta ƙi dariya, ta ce haƙori ke ciwo. Kafin bas ɗin ya kai kwanar gidan ta san duk shirme ne.

Ta tarar da Yaya a tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ya nuna mata inda magani yake, ya ce an ba ta na safe, ya ce kada a bar ta ta nufi ƙofar waje. Sai ya dubi bakinta ya ce ta buɗe ya gani. Ta buɗe. Ya duba, sannan ya ce ya yi kyau, ya juya ya tafi taimaka wa matarsa shiga mota. Ya gane abin da ya hana ta zuwa, ita ma ta san ya gane.

Ɗakin Inna yana nan yadda yake. Gado, kujerar roba, ƙwaryar magunguna a kan taga, da tsohon keken ɗinkinta a lungu an lulluɓe shi da zane. A kan keken nan Auta ta koyi sana'a, da duka da zagi da komai. Inna na zaune a bakin gado cikin rigar sanyi mai maɓallai, ta harɗe hannuwa a cinya kamar mai jiran mota.

Auta ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ta. Ta tambayi jiki, ta tambayi barci, ta kawo zancen zafi, ta kawo zancen ƙafar matar Yaya. Inna na amsawa da ladabi tana kallonta. Can ta karkata kai.

"Yi dariya mu gani, yarinya."

Auta ta yi. Yatsan ya taso, ya taɓa ƙarfe, ya bi waya, ya tsaya a tsakiya. Ya danna. Ya matsa hagu, ya matsa dama, ya dawo tsakiya ya sake dannawa. Sannan Inna ta janye hannunta ta goge a zane.

"Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

"Inna, ni ce. Auta."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa baƙo in ya yi wasan da bai yi daɗi ba. Ta ce Auta ba ta nan, ta kwana biyu ba ta zo ba, aiki ne ya yi mata yawa. Ta ce ai ba ta ɓacewa, ko a cikin taro ne da ta buɗe baki za a gane ta, wushirya gare ta irin ta ubanta. Ta ce wa baƙuwar ta zauna mana, ga kujera, ko a kawo mata ruwa? Ta roƙe ta in ta haɗu da Auta a hanya ta ce mata uwarta na cigiya.

Auta ta ce to, za ta faɗa mata. Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata, ga shi ba wanda za ta ji haushi. Ta haɗa wa Inna shayi, ta jiƙa mata burodi a ciki, ta zauna a kujerar baƙi tana kallonta tana sha. Aka yi mata labarin Auta tun daga haihuwa: yadda ta zo da ƙafa, yadda ta yi ƙiriniya, yadda hannunta ya fi na kowa a ɗinki amma kunnenta na ƙashi ne. Baƙuwa ta yi ta gyaɗa kai.

Da labarin ya zagayo karo na biyu Auta ta tashi ta shiga banɗaki. Ta tsaya gaban madubi ta cire almakashin daga wuyanta, ta buɗe baki, ta sa tsininsa ƙarƙashin robar. Matsawa ɗaya ce. Ta tuna maganar likita, ta tuna safiyar da ta farka ta ga jini a matashi. Ta kuma lissafa cewa ko ta yanke yau, sai an yi makonni kafin gurbin ya buɗe yadda yatsa zai ji, kuma wa ya san abin da zai rage a kan Inna zuwa lokacin? Tana nan tsaye, baki buɗe, yawu na taruwa, ta ji ƙarar kofi a ƙasa. Ta ajiye almakashin a bakin famfo ta fita da sauri.

Ba abin tashin hankali ba ne. Shayin ya ƙare, kofin ne ya suɓuce. Inna na kokawa da rigarta, wai sanyi take ji, maɓallin wuya kuma ya saki, yana lilo a kan zare ɗaya. Auta ta ce ta bari ta gyara mata. Mai ɗinki ba ta rabo da allura, akwai ɗaya soke a bakin ɗankwalinta, da zarenta. Ta durƙusa gaban tsohuwar ta kama wuyan rigar. Inna ta ɗaga haɓa ta ba ta wuri, tana ta sa wa baƙuwa albarka.

Hannun ya yi aikinsa ba da shawarar kowa ba. Ya soka, ya zaro, ya naɗa zaren a gindin maɓallin, ya ƙulla. Ɗaya hannun ya lalubi ƙirji, babu almakashi. Sai kawai kai ya sunkuya, kamar yadda ya yi shekara da shekaru, ta kama zaren da haƙori ta fizga.

Ƙas! Ɗaya daga ƙarafan ya ɓalle daga haƙorin gaba. Kafin ta gama jin zafin wannan, wani ya sauka a ƙeyarta, tafin hannu ne busasshe, kuma ya san wurin.

"Auta! Sau nawa zan faɗa miki? Almakashin na ado ne? Haka za ki yi ta yi har haƙoran su zube, mu ga wanda zai kalle ki."

Auta ba ta ɗago ba. Goshinta na jingine da ƙirjin uwarta, guntun zare a leɓenta, bakin waya na sukar ta a kumatu.

"Na daina, Inna."

"Kullum kin daina. Ina kika shiga kwana biyu?"

Ta ce aiki ne. Inna ta ce aikin banza, ta ce ta rame, ta tambaye ta ko ta ci abinci, ta gyara mata ɗankwalin da marin ya karkatar. Ta yi ta faɗa, Auta na amsa laifi. Ba a daɗe ba faɗan ya fara tsinkewa. Tsohuwar ta yi shiru a tsakiyar magana, ta dubi taga, ta dubi keken da ke lungu. Da ta dawo da idonta kan matar da ke durƙushe gabanta, ta gyara zama ta harɗe hannuwa.

"Sannu da aiki, baiwar Allah."

Auta ta amsa. Ta taɓa ƙarfen da ya ɓalle da harshe, yana zamewa a kan waya. Gobe sai ta koma asibiti a manna shi, kuma ta san abin da likitar za ta ce, har da yadda za ta cire tabarau kafin ta faɗa. Almakashin yana can bakin famfo, ba ta tashi ɗauko shi ba.

Ta bi sauran maɓallan rigar da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiyarsu lau, ita ta ɗinka su da kanta bara. Ta kama na ƙasa ta murɗa, ta sake murɗawa, har zaren ya tsinke, maɓallin ya faɗo mata a tafin hannu.

"Wannan ma ya saki," ta ce. "Bari in gyara miki."

Inna ta yi mata godiya. Auta ta zaro sabon zare daga jakarta, ta daidaita allurar da hasken taga.