Bugu na Biyu

Tun safe Dogo yake cika yana batsewa, kuma gaskiya yana da dalili. Shi ne mai tsara faɗa a fim ɗin, shi ne kuma zai fito a dodo mai guduma. Wanda zai tsaya a gaban gudumar kuwa ƙaninsa ne, Auta, mai shan duka a madadin jarumi. Dogo ne ya jawo shi wannan sana'a uwarsu ba ta so, sai da ya rantse mata ko ƙwarzane ba zai bari ya same shi ba.

Daga wani wasan bidiyo aka ɗauko labarin, wasan da su biyun suka girma a kansa har yatsunsu suka yi kanta. Duk wanda ya san wasan ya san halin dodon: bugu biyu ta sama, ɗaya ta ƙasa. Ka sunkuya, ka sunkuya, ka yi tsalle. Shekara goma sha biyar abin bai taɓa canzawa ba.

Sai ga darakta, wanda ko inda ake kunna wasan bai sani ba, ya zo da nasa iyayi.

"Sunkuyo biyu a jere? Matata in ta gani cewa za ta yi jarumin matsoraci ne. A mai da shi sama, ƙasa, sama."

"Yallaɓai, masu wasan za su tsine mana," in ji Dogo.

"Su nawa ne? Ni kowa da kowa nake yi wa fim, ba 'yan zaman ɗaki masu jajayen idanu ba."

Auta ya ja hannun wansa gefe yana dariya. "Yaya, ƙyale shi. Sunkuya, tsalle, sunkuya. Ko akuya ce ta koya."

Sau goma suka gwada da gudumar roba, komai daidai. Amma mai kyamara ya ce robar tana lanƙwasa, ko makaho ya san ta ƙarya ce. Aka kawo ta katako, kanta ya kai turmi ƙarami. Dogo ya jinjina ta, ya saɓa ta a kafaɗa.

Aka kunna fitilu, aka saki hayaƙi, darakta ya ba da izini. Dogo ya yi ruri ya kai bugu na farko, gudumar ta wuce ta saman Auta da iska. Ya juyo da ita da dukkan ƙarfinsa, sai ya ji ta daki abu. Ƙarar kamar an fasa kwakwa. Auta ya wuntsila ya bugi ƙarfen fitila, ya zube a siminti, ƙafarsa ɗaya tana shure-shure. Jini ya ɓalle ta kunne da hanci, ga haƙora biyu a ƙasa.

Dogo bai je wurin ƙaninsa ba, tsoro ya hana shi. Kan darakta ya yi. Ya shaƙo wuyansa, ya ɗaga shi daga kujera ya maka da bango. Naushin farko ya farfasa tabarau a fuskarsa, na biyu ya karya hanci.

"Kai ka rikita shi! Wasan da ya sani tun yana rarrafe ka zo ka jagwalgwala masa!"

Ya ci gaba da dukansa da gwiwa har mutumin ya daina kare kansa. Mai haɗa fitilu ya shiga rabo, ya sami rabonsa a baki. Da ƙyar ƙarti huɗu suka danne Dogo a kan tebur, suka murɗe hannayensa ta baya, yana huci yana zagi.

Ma'aikaciyar jinya tana durƙushe tana tallafe da kan Auta. Ta ce tana so ta san daidai inda katakon ya sauka. Mai kyamara ya mai da hoton baya, ya sake shi a hankali. Allon kuwa yana dab da fuskar Dogo.

Ya ga Auta ya sunkuya wa bugu na farko. Ya gan shi ya miƙe ya yi tsalle, tsaf kamar yadda darakta ya ce, kamar yadda suka gwada sau goma. Sannan ya ga hannun dodon. Bai yi ƙasa ba. Ta sama ya sake zuwa, irin na wasan, ya tarbi kan yaron a iska.

Masu riƙe da Dogo suka ji ya daina kokawa, suka sake shi, ya sulale ya zauna a ƙasa.

Aka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya. Auta yana numfashi, amma idonsa ɗaya ya ƙi motsi.

"Mutum ɗaya zai bi mu a mota," in ji ma'aikaciyar. "Waye ɗan'uwansa a nan?"

Kowa ya juyo ya dubi Dogo.