Tsutsar Turai

A shekarun da mahara daga Ningi suka hana mutanen Gwaram shiga daji, Turai ta rasa sana'arta. Mazauniyar Farin Dutse ce, kuma tun tana budurwa take kaɗa zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa mai cin ganyen doka. Mijinta Dabo ne ke ɗebo mata saƙar, amma yanzu ba mai kusantar itatuwan dokar.

Da damina ta yi nisa, sai wata tsutsa mai gashi ta sauka a kan ɗorawar bayan gidansu. Maƙwabcinsu Ƙasimu, wanda suke raba kalwar bishiyar da shi, ya zo da ƙaiƙayi zai yi mata hayaƙi.

"Malam Ƙasimu, dakata mini," in ji Turai. "Wataƙila mai saƙa ce."

"In kuma ba ita ba ce fa?"

Turai ta zuba tsutsotsin kaɗan a ƙwarya da ganye, ta bi 'yan kasuwa a ƙafa har Unguwar Ya ta ƙasar Birnin Kudu, wurin yayarta Kubra, wadda ta fi ta sanin tsutsar tsamiya. Ta isa ƙafafunta sun kumbura.

Kubra ta juya tsutsar da tsinke, ta daɗe tana dubawa.

"Gashin ya yi kama. Amma wannan jan layin na bayanta ban san shi ba. A jere suke tafiya?"

"Wani lokacin, Yaya."

"To, sai kin jira. Na tsamiya taruwa suke yi su saƙa gida ɗaya, ƙwaron da ke fitowa daga ciki kuma farin fiffike gare shi mai baƙin zane."

Turai ta koma gida ta jira. Kullum Ƙasimu sai ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya wuce. Tsutsotsin suka cinye ganyen tas, sannan suka gangaro, kowacce ta shige ƙasa ita kaɗai. Ƙwaron da ya fito daga baya ƙarami ne, ruwan ƙasa, ko silin zare bai bari ba.

A shekarar ɗorawar ba ta yi 'ya'yan kirki ba. Da yake babu wanda ya san sunan tsutsar, sai mutanen gari suka riƙa ce mata tsutsar Turai. Da Dabo ya gaya mata, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Su kira ta yadda suka ga dama," ta ce. "Ni dai na gaji."